Igiyar Takalmin Hagu

A ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasar akwai wata al'ada da baƙi ba sa gane kanta. Idan aka ɗaga allon canji, wadda za ta shiga takan zo bakin layi da igiyar takalminta na hagu a kwance, wadda ta fito kuma ta durƙusa ta ɗaure mata kafin ta wuce benci. Alƙalan wasa sun yi mita har sun gaji. Masu sharhi a rediyo kuwa, da yake ba a raba su da sanin abin da ba su sani ba, wani ya ce camfi ne, wani ya ce tarbiyya ce. Su kansu 'yan wasan da za ka tsare su da tambaya, iyakar abin da za su ce maka shi ne haka suka tarar.

Kyaftin ma haka ta tarar. Tana da shekara goma sha tara aka ɗaure mata tata, yanzu tana da talatin da biyar, kuma a duk tsawon nan sau uku kacal aka taɓa ɗaga lambarta, duka ukun a kan rauni. Ita ce ta ci ƙwallon da ta sa gidan talabijin ya fara nuna wasan mata, ita ce ta tsaya kai da fata har aka ba su likitarsu da motarsu. Mace ce mai ƙoƙari, wannan ba wanda zai musa, sai dai ta san tana da ƙoƙarin, kuma takan so a tuna.

Saura kwana biyu wasan da zai kai su gasar duniya karo na farko, koci ta kira ta gefe bayan atisaye. Ta gaya mata za ta buga awa ɗaya, sannan Auta ta karɓe ta. Auta yarinya ce 'yar shekara sha bakwai, siririya, mai gudu kamar an koro ta, wadda ba ta iya haɗa ido da manya ko a wajen gaisuwa. Ba sai an fassara wa Kyaftin ba: daga wannan canjin, wurin ya zama na yarinyar har abada.

Kyaftin ta adana amsarta sai a ɗakin cin abinci. A can ne ta aje cokali, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, a fitar da ita ɗin, ba komai, amma ba za ta kai gwiwarta ƙasa ba saboda yarinyar da take goye a bayan uwarta ranar da ita ta fara saka rigar ƙasa. Mai tsaron gida ta so ta mayar da abin wasa, ta ce ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ba wadda ta yi dariya. Auta tana teburi na gaba, ta sunkuyar da kai a kan farantinta, ba ta ƙara kai loma baki ba.

Kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi. Yarinyar za ta tsaya a bakin layi da igiya a kwance, Kyaftin ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, ita kuma ta sunkuya ta ɗaure wa kanta a gaban mutum dubu hamsin. Ba a taɓa yi wa kowa haka ba.

Da safiyar ranar wasa Kyaftin ta gangara ɗakin takalma don a sauya mata ƙusoshi, saboda an kwana ana ruwa. Ɗakin yana ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, ba taga, sai fanka ɗaya da warin man goge takalmi da na jiƙaƙƙiyar ciyawa. Kanta-kanta ne har rufi, kowace 'yar wasa da gurbinta, kowane gurbi da takalma ƙafa uku ko huɗu. Mai kula da wurin tsohuwa ce da duk suke kira Gwaggo. An san dai tana cikin 'yan wasan farko, amma sanin bai wuce na fatar baki ba. Abin da aka fi sani game da ita shi ne faɗa a kan wadda ta kawo takalmi da laka.

Gwaggo ta karɓi takalman, ta kifa ɗaya a cinya, ta ɗauki sufana. Ba ta ɗago ba ta ce labari ya iso ta, ashe gwiwar Kyaftin ta yi tsada. Kyaftin ta tsuke fuska, ta ce ita fa ƙusoshi suka kawo ta.

“Su nake yi,” in ji Gwaggo. “Ƙirga min takalman da ke gurbinki.”

Ta ce huɗu, har da na cinyar Gwaggo.

“Mu sha biyar ne, takalma sha ɗaya.”

Daga nan tsohuwar ta shiga labari, hannunta bai daina aiki ba. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce wata ƙasa maƙwabciya ta aiko da takardar gayyatar wasan mata, hukumar ƙwallo kuma ta ji kunyar cewa ba ta da ƙungiya. Sai aka bi makarantu da masaƙa da kwalejin koyon jinya aka tsinto duk wadda aka taɓa gani tana harbin ƙwallo. Wani malamin motsa jiki aka ba su ya zama koci. Da tsakar rana suke atisaye, don safe da yamma filin na maza ne. Riguna na maza aka ba su, har gwiwa. Takalma kuwa ragowar na wata ƙungiyar samari ne, sai an cusa jarida a gaba kafin su zauna. Ƙafa goma sha ɗaya aka samu, saboda haka 'yan benci huɗu da safa kawai suka zauna. Idan za a yi canji, sai wadda ta fito ta tuɓe nata a bakin layi ta saka wa mai shiga.

Mutum ɗari uku ne suka zo kallo, yawancinsu dariya ta kawo su. Gwaggo ta ce tana jin su suna shewa lokacin da suka fito, wani ma yana tambaya ko an bar wa yara abinci a gida. Kafin hutun rabin lokaci ta jefa biyu a raga, shewar ta koma tafi.

Kyaftin ta dubi matar da ta shekara goma sha shida tana miƙa wa takalmi mai laka ba tare da ko sannu ta kirki ba. Gwaggo ta zame silifas ɗinta saboda zafi, yatsun ƙafarta a tanƙware suke, wani ya hau wani. Sai yanzu Kyaftin ta lura da su, kuma ba ta buƙaci a gaya mata abin da ya mayar da su haka ba.

Ta ce, a hankali, ashe daga nan al'adar ta samo asali, daga wannan zumuncin.

“Wane zumunci?” Gwaggo ta aje sufana. “Daga rashin kunyata ta samo asali.”

Akwai wata a benci, abokiyar ɗakinta, ɗalibar jinya, wadda ƙafarsu ta zo ɗaya. Kwana biyu ta yi a mota kafin ta iso sansanin, bayan ta sha fama da mahaifinta ya yarda. Saura minti ashirin a tashi malamin ya yi wa Gwaggo alama ta fito ta ba ta takalma. Ita kuwa tana neman ƙwallo ta uku, mutanen da suka zo yi mata dariya suna kiran lambarta, sai ta juya baya ta yi kunnen uwar shegu. Malamin ya kira har muryarsa ta dushe. Alƙali ya gaji da jira ya ce a ci gaba. Yarinyar ta tsaya a bakin layi da safa, ba ta koma ta zauna ba, har aka busa tashi.

“Ta fi ni iya ƙwallo,” in ji Gwaggo. “Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ta fi ni nesa ba kusa ba. Na ce a raina ai akwai wasa na gaba.”

Wasa na gaba sai bayan shekara shida. Hukuma ta fita kunya, ta tattara rigunan ta mayar wa maza. Da aka sake kiran su, ita waccan ta zama ungozoma a wani gari mai nisa, da 'ya'ya biyu. Gwaggo ta rubuta mata takarda, amsa ta zo layi biyu: tana yi musu fatan alheri, ƙafa ta yi nauyi. A jerin matan da suka taɓa buga wa ƙasar, wanda aka kafa a bangon ofishin hukuma, sunan Gwaggo ne na farko. Na ungozomar babu shi ko a ƙarshe.

A wasan dawowar nan takalma sun wadata, kowa da nata. Amma da aka ɗaga wa Gwaggo hannu ta fito, ba ta san lokacin da ta zube a gaban mai shiga ba. Babu abin tuɓewa, sai ta kwance igiyar yarinyar ta sake ɗaurewa. Sauran suka gani suka ɗauka, na bayansu suka tarar.

Gwaggo ta ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ta goge takalman da tsumma, ta miƙa. “Ban ce ki durƙusa ba, 'yata. Gwiwarki ce. Ni dai tawa ta kai ƙasa bayan wadda ya kamata in durƙusa wa ta tafi.”

Kyaftin ta fito jiki a sanyaye. Kunya take ji, amma kada a yi mata ƙarya, zuciyar ba ta sauka duka ba. Har a motar zuwa fili tana gaya wa kanta cewa nata daban ne, ita ba ta hana kowa takalmi ba, kuma magana ta riga ta fita a gaban jama'a.

Da la'asar suka jeru a bakin ƙofar fita. Ta sha shiga filin nan, amma ba ta taɓa ganinsa haka ba. Babu masaka tsinke tun daga ƙasa har saman rumfa. Ga iyaye maza da 'ya'yansu mata a kafaɗa, ga 'yan makaranta sanye da riga mai lambarta, ga tsofaffi da ba su san dokar satar gida ba amma sun zo. Ƙarar ta daki ƙirjinta har ta ji ta a haƙora. Ta tuna mutum ɗari uku da shewarsu, da 'yan mata huɗu a benci da safa, ta rasa yadda aka yi wancan ya haifi wannan. Mamaki ya cika ta, har mai tsaron gida ta taɓa ta ta ce su tafi.

Ta buga awa ɗayanta kamar ba za ta sake ba, don kuwa ba za ta sake ba. Ita ta bugo ƙwallo daga kusurwa, aka sa mata kai ta shiga raga. Ana ɗaya da nema, minti na sittin da biyu, allon ya tashi da lambarta.

Filin ya miƙe tsaye. Ta cire kambun kyaftin ta saka wa mai tsaron gida, ta nufi layi, har lokacin ba ta san abin da za ta yi ba. Sai da ta matso ta kai ido ƙafar Auta.

Igiyar a ɗaure take. Yarinyar ta ɗaure abinta tun a benci, ƙulli biyu, tamau, ta kuma kawar da kai gefe ta matsa don ta ba ta hanya. Ta yi haka ne don ta rufa musu asiri su biyun, kowa ya ɗauka mantuwa ce.

Wannan ya soki Kyaftin fiye da duk abin da aka faɗa mata ranar. An raba ta da abin da take ta alwashin ba za ta yi ba, kuma yarinya ƙarama ce ta yafe mata tun kafin ta yi laifin.

Ta zube a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar, ta kama ƙafar hagun.

“Yaya, ki bar shi,” in ji Auta. “Na riga na ɗaure.”

“Wa ya aike ki? Tsaya.”

Ƙullin ya ƙi kwancewa. Ta sa farce, farcen ya karye, ta sunkuya ta sa haƙori. Alƙaliyar wasa ta iso da gudu tana nuna agogo, 'yan ɗaya ƙungiyar suna ɗaga hannuwa, katin gargaɗi ya tashi a kanta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ihun filin ya ragu, ya ragu, har ta iya jin numfashin yarinyar a samanta. Igiyar ta saki. Ta zare ta, ta gyara harshen takalmin, ta ja kowane rami a natse, ta ɗaure.

A nan ta ji ƙafar tana karkarwa a cikin tafin hannunta, tun daga diddige har ƙwauri. Ita ma tata haka ta yi shekara goma sha shida da suka wuce, kuma wadda ta ɗaure mata ba ta yi sauri ba. Don haka ta riƙe da hannu biyu, alƙaliya na ta busa, ita kuwa tana durƙushe. Sai da ta ji ƙafar ta tsaya cak sannan ta sake ta.