Dashen Goron Audi

Audi na garin Babban Mutum ai ba ya iya zama wuri ɗaya. Da ya kai shanu Kurmi sai ga shi da dashen goro bakwai a leda, ya tsaya gaban mutane ya ce wallahi sai ya ci goron gidansa. Shida suka mutu kafin azumi. Na bakwai ɗin ne ya hana shi sukuni.

Gatan gero ya yi masa. Ya dasa shi tsakiyar gida inda rana ta fi duka, ya cire ciyawa tas. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa, ya ƙara ruwa, ya sake leƙawa. Ganyen kuwa sai ƙonewa yake ta baki-baki.

Ranar kasuwa ya kai kukansa wurin Ego, matar nan 'yar Kudu da ta bar sayar da giya tun zuwan shari'a ta koma manja.

"A rana ka sa shi?" Ta dafe kai. "Alhaji, a garinmu ƙaramin goro ba ya ganin rana. Manyan itatuwa a sama, ayaba a ƙasansu, shi yana can ƙarƙashi. Ganye ya faɗo ya ruɓe, tsutsa ta juya shi, abincinsa ke nan. Kuna share wurin?"

"Matata Shatu ce. Sau uku a yini."

"Tsafta ce ke kashe shi!"

Ko sallama bai yi mata ba ya hau babur. Yana isa ya tone dashen, ya mayar da shi gindin tsamiyar gidan, ya juye masa buhun busasshen ganye, ya jiƙa.

Shatu ta riƙe ƙugu. "Malam, juji za ka tara mini? Gobe mata su shigo barka su fita da ni a baki?"

"Su fita da ke ɗin. Tsintsiya dai kar ta zo nan."

Kwana tara ganyen dashen na zuba har ya rage tsinke. Audi ya tsuguna, ya kankare jikin tsinken da farce. Kore ne shar, da danshinsa.

Sai dai kaji sun gano tsutsa a wurin. Yanzu haka yana can da kara a hannu, ya kori ta dama ta hagu ta dawo, tuwonsa ya huce a kwano.