Sitiyarin Maidoki

Da ƙyar Maidoki ya karya kan motar ta shiga garejin Ibrah, har gefenta ya kwashe wata tsohuwar taya da ke bakin ƙofa. Bai jira injin ya mutu ba ya diro, gumi ya jiƙe masa riga.

"Ibrah! Fito ka ga aikinka!"

Ibrah makanike ya zamo daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. "Kawu, lahiya?"

"Ina lahiya? Satin jiya ka canza mani famfon sitiyari, kac ce sabo na. Yau a kwanar shigowa gari, da mutum tara cikin mota, na murza ta ƙi murzuwa. Saura ƙiris in hau amalanken wata mata da ɗiyanta biyu!"

Shekara talatin da ɗaya Maidoki yana jigila tsakanin Filinge da Baleyara, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda fasinjojin suka sauka suna kallonsa, har wani matashi ya ce tsoho ya kamata ya huta.

Ibrah ya matso. Ya buɗe gaban motar, ya duba man sitiyari, yana nan cike. Ya danna bel ɗin injin da ɗan yatsa, bai saki ba. Ya zagaya tayoyin gaba yana gwada iska. Sannan ya ɗaga motar da jak, ya kwanta ƙasa yana girgiza ƙarafunan da ke juya taya, yana neman inda ya cije ko ya yi tsatsa.

"Duba da kyau," in ji Maidoki, yana tsaye a kansa. "Ku yaran yanzu, ku wanke tsohon ƙarfe da kananzir ku ce sabo. Ubanka bai taɓa yi mani haka ba."

Ibrah ya zamo ya miƙe. Ya sauke motar, ya shiga, ya tada ta. Da hannu guda ya juya sitiyarin dama, ya juya hagu, ya zagaya filin garejin sau biyu ya dawo.

"Kawu, ba abin da ya samu motag ga."

"Wato ƙarya nika yi?"

"Ban ce ba. Zo ka gwada, ina kallo."

Maidoki ya ture shi ya zauna. Ya kama sitiyarin ya murza. Hannun dama ya ja, na hagu ya biyo shi a hankali, sannan ya zame ya faɗo kan cinyarsa. Ya mayar da shi da sauri, ya cije baki, ya sake murzawa. Ya sake zamewa.

"Ka gani? Ka ga taurin?"

Ibrah ba sitiyarin yake kallo ba. Ya ɗauko babban sufana ya miƙa masa. "Riƙe mani wanga da hagu."

"Mi ya haɗa ni da..."

Sufanan ya faɗi ƙasa, ya yi ƙara a kan dutse.

Maidoki ya zuba wa yatsunsa ido. Tun shekaranjiya yake jin su kamar an ɗaure da tsumma, ya ɗauka kwanciya ce ya yi a kansu.

"Haka Baba ya fara," in ji Ibrah, murya ƙasa-ƙasa. "Da safe kofi ya kuɓuce mishi. Mun ce gajiya ta. Da munka kai shi asibiti bayan kwana ukku, likita ya ce mun makara. Kawu, gefen bakinka ma ya ɗan karkace."

"Rufe mani baki! Famfonka na banza, shi na!"

"To, famfona na. In mun dawo daga asibiti sai in cire shi in sa wani. Yanzu dai matsa."

Maidoki ya daki sitiyarin da hannun dama har hon ya yi kuka. Ya zagi motar, ya zagi wanda ya shimfiɗa kwanar nan, ya zagi matashin da ya ce ya huta. Ibrah na tsaye riƙe da ƙofa, bai gusa ba.

Da numfashinsa ya lafa, Maidoki ya fito a hankali. Ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa. Ya buɗe ƙofar fasinja, ya tsaya jim yana duban kujerar da bai taɓa zama a kanta ba, sannan ya shiga.

Ibrah ya sa giya, suka nufi asibiti.

"A hankali da giya ta biyu," in ji Maidoki, fuskarsa na waje. "Ba ta son a tilasta ta."