Alƙiblar Abbasiya

Tun da Amani, 'yar ajinmu, ta ɗora yatsa a kan allon kwamfutata na kasa zama wuri ɗaya. In tashi, in zauna, in leƙa tagar ɗakin zane, ga hon ɗin motocin unguwar Abbasiya ta Alƙahira sai ƙara min zafin kai yake yi.

Wata biyu ke nan da Baba ya kira ni daga Gumel, ya ce unguwarmu za ta sake gina masallaci, kuma tunda 'yarsa Zaituna tana karatun zanen gini a Alƙahira, ba sai an nemi kowa ba. Daɗi kamar ya kashe ni. Kwana uku na yi ina jan layuka a manhajar zane: bango huɗu, ƙofa biyu, wurin alwala, kowane layi na haɗe bakinsa da ɗan'uwansa tsaf. Da na zo kan mihirabi sai na ajiye wayata a tebur, ta nuna min alƙibla, na juya ginin ya bi ta, na sa kibiyar arewa a gefe, na tura.

Yau rawar kai ta sa na buɗe wa Amani zanen don ta yaba. Ta yaba kuwa. Sannan ta nuna kibiyar, ta tambaye ni ko a Najeriya ma kudu maso gabas muke kallo a salla kamar su.

Innalillahi. Alƙiblar Alƙahira na zana wa mutanen Gumel, ni da na shekara ashirin ina kallon gabas da ɗan karkata arewa a ɗakin Inna.

"Ma'alish, ya Zaituna," in ji ta, wato ba komai. Ta ja linzamin kwamfutar, ta zaɓi zanen duka, ta juya shi cikin daƙiƙa biyu, ta ce khalas, wato shi ke nan. Khalas ɗin me? A can an riga an haƙa harsashi, magini ya bi kibiyata sau da ƙafa. Makon jiya Liman Gidaɗo ya tsaya a bakin ramin ya ce ginin nan ya karkace, Baba ya daka masa tsawa a gaban jama'a, wai idon tsoho ba zai gyara aikin na'ura ba. Inna ce ta ba ni labari tana dariya, ni ma na taya ta.

Na fita. Na taka har bakin tashar jirgin ƙasa na metro na dawo, na sayi shayi na bar shi ya huce a hannuna. Zuciya ta ce in yi shiru, wa zai auna? Amma sallar mutane ce, shekara da shekaru, kuma wallahi tsoro ya kama ni.

Na kira. Baba ya ɗauka da fara'a, ya ce ga su a wurin aiki, ana kwaɓa siminti, yanzu za a fara zubawa. Na faɗa masa komai a guje. Sai na ji ya ce wa ma'aikata su dakata, ƙarar shebur ta tsaya.

Na roƙe shi ya ba ni lambar Liman in ba shi haƙuri da bakina.

"A'a. Ni na yi masa tsawa, ni zan je."

Ya manta bai kashe wayar ba. Ina tsaye a titi ina jin takun takalminsa a kan yashi, har ya tsaya, ya gyara murya sau biyu kafin sallamar da zai yi wa Liman ta fito.