Kujera ta Shida

Kafinta ba ya taɓa katako sai ya fara gwada abin da takarda. Yakan yanka, ya ninke, ya manna da gam, sannan ya ɗora ƙwai a kai. In ƙwan ya zauna, mutum ma zai zauna.

Wannan karon kujerar mahaifinsa ce. Gwiwoyin Baba sun gaji, in ya zauna sai an kama shi ya tashi, abin kuwa yana ci masa rai. Kujeru biyar Kafinta ya jera a kan tebur, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Ya je wanke gam daga yatsunsa, da ya dawo sai ya tarar da shida.

Matarsa tela ce. Tana bakin kekenta, kai a sunkuye, kamar ba ta san an yi ba.

Baba ya shigo yana dogara sanda, ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya tsaya a kan ta shida, mai ɗan tudu, hannayenta sun miƙo gaba.

"Wannan! Ga inda zan dafa in miƙe da kaina. Kai, shekara ashirin kana fama da zarto, sai yau ka yi tunani."

Kafinta ya yi shiru. Rabon da Baba ya yabe shi har ya manta. Ai ba ƙarya ya yi ba, shiru kawai ya yi. To amma shirun da ya karɓi yabon wani ya sa a aljihu, mene ne sunansa?

"Baba," ya ce da ƙyar, "ba ni na yi ta ba. Surukarka ce."

Baba ya kwashe da dariya har da tari. "Na sani mana! Naka duk gam ne, wannan da zare aka ɗinke ta. Jira nake in ga yaushe za ka faɗa."

"Minti uku, Baba," in ji ta, "na duba agogo."

"Ya aka yi kika gano?" Kafinta ya tambaye ta.

"Maigida, ni ke kama shi ya tashi. Kullum gaba hannunsa yake lalube."

Kafinta ya ɗora ƙwan. Ya zauna daram.

"Madalla," in ji Baba. "Kai ka ɗauko zarto, ke kuma a soya min wannan baƙon."