Fiton Baba Rwang

Uwaisu na ɗaure igiyar takalminsa sa'ad da Katung, mai horar da su, ya sake kafa allonsa a jikin benci, ya hau zana kibiyoyi da alli. Ba wanda ke kallon allon. Hazo ya sauko a filin ƙwallon nan na bayan unguwar Catford, can ƙasar Turawa, tun azahar, har mai tsaron gida ba ya hango ɗaya ragar. Wasan ƙarshe ke nan na kakar 1976, kuma kwalejinsu ta riga ta faɗa musu a rubuce cewa in aka ci su yau za ta rushe ƙungiyar, ta ba 'yan rugby filin.

Uwaisu ne kyaftin, kuma ya san wuyan wa za a rataya wa laifin. Shi ya zaga ɗakunan ɗalibai a Bloomsbury da takarda a hannu, yana tara sa hannu a cire Baba Rwang daga horar da su. Baba Rwang tsohon soja ne daga Jos, ɗan dako a kwalejin, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe da ƙungiyar ba allo ba littafi. Da fito yake horarwa. Gajere biyu, ka ba na hagu. Dogo ɗaya, ka juya baya akwai mutum. Dogo da gajere, ka buga kawai kada ka duba. Yaran har sun daina ɗaga kai, kunne ke yi musu wasa. To, shekarun nan gwamnatocin jihohi sun yi ta turo ɗalibai da sababbin kwat da manyan akwatuna, su kuwa suka ce abin kunya ne a riƙa yi musu fito gaban Turawa sai ka ce masu kiwon awaki. Wasu ma suka ce fito kiran iskoki ne. Aka kawo Katung, mai takardar shaidar horarwa, mutumin kirki wallahi, sai dai tun zuwansa wasa tara suka yi, aka ci su takwas.

Ranar da aka sallami tsohon bai yi faɗa ba. Ya ninke rigar ruwansa, ya dubi Uwaisu ya ce, "To, yarona, Allah ya ba da sa'a." Daga nan ba a sake ganinsa ba. Wani ya ce yana asibiti, wani ya ce ya koma gida, wani ya ce ɗakinsa na Deptford a kulle yake. Uwaisu bai je ya duba ba, kunya ta hana shi, kuma abin na cinsa.

Kafin hutun rabin lokaci an zura musu ɗaya. Katung ya tara su yana ta bayanin kibiyoyinsa. Uwaisu ya ji tausayinsa, don shi ma aikinsa ne ke lilo.

Minti goma da komawa, ƙwallo na ƙafar Uwaisu, ba ya ganin kowa sai inuwoyi, sai ya ji fito. Gajere biyu.  Kafin ya yi tunani ƙafarsa ta riga ta tura ƙwallon hagu cikin farin hazo, inda ido bai nuna masa kowa ba. Ashe ɗan wasansu Almu na can. Sai ihu ya taso daga wajen raga, Almu ya farke.

Ya waiga bakin fili. Katung ne kaɗai tsaye da allonsa, sai wata tsohuwar Baturiya da karenta, sai itatuwan da ke bin layin dogo. Karen ya kafa kunnuwa yana kallon tsakiyar fili, ba ya ko motsi.

Fiton bai daina ba. Yakan zo kusa ƙwarai, kamar a bayan kunnensa, da ɗan karkacewar nan ta ƙarshe da tsohon ke yi saboda haƙorinsa da ya fita. Yaran suka koma yadda suke a da, kai a ƙasa, ƙwallo na tafiya kamar an ɗaura mata zare. Ba mai murna, ba mai magana. Uwaisu na gudu yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Saura minti huɗu aka yi dogo da gajere, Nata'ala ya buga bai duba ba, ta shiga.

Da alƙalin wasa ya busa tashi, Uwaisu ya ruga wajen itatuwan. Ciyawa ce jiƙaƙƙiya, ba sawun kowa. Ya dawo ɗakin canza kaya ya tarar kowa na satar kallonsa. Ya tambaye su ko sun ga inda Baba ya tsaya.

Almu ya ce, "Wane Baba? Kai ne fa kake yi."

Uwaisu ya ce masa ya daina zolaya. Almu ya rantse cewa yana dab da shi lokacin ƙwallo ta biyu, da idonsa ya ga bakinsa. Nata'ala ma ya gyaɗa kai.

Katung ya jawo shi gefe. Uwaisu ya zaci faɗa zai yi, don Katung ɗin ne ya hana fito tun ranar farko. Amma mutumin ya rage murya, allin na farfashewa a hannunsa.

"Kyaftin, ban san ka iya ba. Ƙungiya ta tsira. Kaka mai zuwa ka ci gaba da yi, ni zan tsaya da allona."

Uwaisu kuwa bai taɓa iya fito ba a rayuwarsa, tun ranar da kakarsa ta buge masa baki don ya gwada yi a Zariya yana ɗan shekara shida. Ya jira kowa ya fita, ya tsaya gaban madubin da ke saman famfo, ya tsuke leɓɓansa ya hura. Iska ce kawai ta fito.