Takarda Mai Fuska

Sau uku Zaidu yana zazzage akwatin, sau uku ba ta faɗo ba. Ya ɗaga katifa, ya kakkaɓe littattafai ɗaya bayan ɗaya, ya laluba aljihun rigar da ya sa ranar Juma'a, har cikin takalmi sai da ya leƙa, kai ka ce takarda na da ƙafa. Babu ita, babu dalilinta.

'Yar takarda ce da ba ta fi tafin hannu ba, da hotonsa manne a kusurwa, an buga hatimi a kai. Ita ce izinin shiga jarrabawar neman gurbin digiri na biyu da za a yi jibi Asabar a Kaduna, kuma an rubuta ƙarara a ƙasanta cewa wanda ya zo babu ita ko ƙofa ba zai wuce ba. Motar da za ta fitar da shi daga Wara zuwa Kwantagora gobe da sassafe za ta tashi. Sau ɗaya ake jarrabawar a shekara, ga shi shekarunsa sun kai iyakar da aka yanka. In ta wuce shi bana, ta wuce ke nan.

Wata biyar ya yi yana shirinta, shi kaɗai kamar maye. Malamin lissafi ne a sakandaren garin. In an tashi makaranta, sauran malamai su nufi gindin darbejiya wajen dara da hira, shi kuwa ya shige ɗaki, ya ajiye agogo a gabansa, ya yi ta fama da tambayoyin wani tsohon littafi da abokinsa Basiru ya aiko masa daga Zariya. In tambaya ta gagare shi, duk faɗin ƙasar Ngaski ba wanda zai tunkara da ita. Sai dai ya rubuta wa Basiru wasiƙa, amsa ta iso bayan mako uku, lokacin har ya manta abin da ya tambaya. Abokan aiki suna kiransa Farfesa, amma ba don yabo ba. Gidan kuwa su biyu ne rak, shi da mahaifiyarsa Inna Tamada, tun da aka kai ƙanwarsa Kande gidan miji a Shanga. Su ma ɗin, daga gaisuwar safe sai "ga tuwo nan".

Yana tsaye tsakar ɗaki, sai idonsa ya faɗa kan kwandon bakin ƙofa. Fanko.

Inna kifi take soyawa ta sayar, kuma da takarda take ƙunshi. Tsoffin takardun ɗalibai da duk wadda ya gama lissafi a kai, a kwandon nan yake zubawa, ita kuma ta kwashe ranar kasuwa ba sai ta tambaya ba. Haka suke yi shekara da shekaru. Jiya da ya gama bitar ƙarshe, sai ya share teburin gaba ɗaya da hannu guda, ya juye a kwando. Yau kuwa kasuwar Wara ce.

Ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Ya same ta a rumfarta ta kullum, kusa da masu gishiri, mai yana tafasa a kasko. Ya durƙusa ya jawo ragowar takardun da ta danne da dutse, ya shiga bincike.

"Inna, akwai wata ƙarama mai hotona a cikin kwando. Kin gan ta?"

Ta juya karfasa a cikin mai, ba ta dube shi ba.

"Tun hantsi nike ƙunshi," in ji ta. "Mutanen ƙetaren ruwa sun saya, Fulani sun saya, masu jirgi sun saya. Ni da ko alif ban sani ba, mi za ni ce maka?"

Nan fa wata biyar ɗin nan duka suka taso masa a wuya.

"Wata biyar, Inna! Wahalar wata biyar kin naɗe da kifi! Ke ba kya duba abu kafin ki ɗauka? Wannan wane irin rashin sani ne?"

Matan rumfar suka juyo. Dije mai daddawa, wadda ta goye shi yana jariri, ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Malam, Innarka ce fa."

Inna ta tsame kifin, ta jera a faranti, ta sa wani. Shi kuma ya miƙe ya kutsa cikin kasuwa.

Wallahi abin dariya ne, in ba kai ya samu ba. Malam guda, mai digiri, ba hula, yana bin mutane yana roƙo su kwance ƙunshin kifinsu ya gani. Wani ya kwance yana dariya, wani ya harare shi. Wani Bafulatani ya rungume nasa a ƙirji ya ce shi da kuɗinsa ya saya, ba mai duba masa. Zaidu ya tsinci takardu a ƙasa, a kwata, har da wadda ya ƙwato daga bakin akuya. Duk rubutun hannunsa ne, lissafin da ya yi gumi a kai, mai ya jiƙa shi har ana ganin rana ta ciki. Takarda mai hoton dai babu.

A bakin babban tafkin da ke gefen garin ya tarar da Tanimu mai jirgi yana loda buhunan gero. Tare suka yi firamare.

"A'a, Farfesa! Yau kuma duba-garin kifi aka ba ka?"

Zaidu ya gaya masa. Tanimu ya bar dariya, ya tura hula ƙeya, ya dubi tafkin.

"Kai, ka makara. Jirgi huɗu sun tashi tun azahar, ɗaya Yelwa, sauran ƙetare. In tana ciki, yanzu an cinye kifin an hura wuta da ita. Ka yi haƙuri. Ai aikinka bai gudu ba, ko? Mi kake nema wanda babu nan?"

Zaidu ya kau da kai. Ta ina zai fara? Tambayar ke nan da kowa ke yi masa, bai taɓa samun amsar da za ta shiga kunnen kowa ba.

Ya zauna kan wani fasasshen kwalekwale har la'asar ta yi sanyi. Jiragen suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta watse, aka bar shi da balbelu. Can ƙarƙashin ruwan nan tsohon garinsu yake. Yana makaranta a Sakkwato aka gina madatsar ruwa aka tare kogi, ya dawo hutu ya tarar an mayar da su sabon wuri, gidan da aka haife shi kifi ke kwana ciki. Tun daga lokacin bai ƙara jin ya iso gida sosai ba, ko'ina ya je. Yau kuwa kaɗaicin ya kama shi har ya ji ƙwalla, ya waiga bai ga ko wanda zai ɓoye wa ita ba. Ga kuma maganar da ya yaɓa wa Inna a gaban mata tana cin ransa fiye da takardar.

Ana kiran magariba ya shiga gida. Bayan ya yi salla, ya je ƙofar ɗakinta ya tsuguna. Tana kan tabarma da tasbaha, tuwonsa na gefe a rufe.

"Inna, ki gafarce ni. Bakina ya yi kaifi. Laifina ne, ni na zuba ta a kwando."

Ta ja tasbaha har ta kai ƙarshe. Sannan ta nuna ragaya da haɓa.

"Sauko min da ƙwaryar can."

Ya san ƙwaryar. Inna ba ta karatu, amma ba ta iya wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa. Ko a tsakiyar kasuwa ta gani, sai ta duƙa ta ɗauka, ta hure ƙura, ta kawo nan, don kada a taka sunan Allah. Ya sauko da ita ya cire faifan. Guntayen takardu ne, wasu sun yi ja don tsufa. Ga katin marigayi babansa, wanda aka ba kowane magidanci lokacin tashin gari. A bisa katin kuwa, ga tasa, lafiya lau, ko ɗigon mai babu. Fuskarsa tana kallonsa.

Ya ɗago ya dubi Inna.

"Da asuba na gan ta cikin kwando," in ji Inna. "Ana ƙunshe kifi da fuskar ɗa?"

"To, Inna, da na tambaye ki..."

"Ka tambaye ni. Ban ce ban gani ba, ban ce na gani ba. Allah shi gafarta min wanga wuni."

"Kin san ko ta mece ce?"

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Sai na yi boko kan in sani? Takarda mai fuska ai ba ta zuwa banza. Ta farko da aka liƙa ma hoto, Sakkwato ta kai ka, shekara biyar. Ta biyu, Zariya. Ta uku ta kai ka bautar ƙasa can kudu, har na fid da rai. Wagga ta babanka," ta taɓa katin da yatsa, "ita ta tashe mu daga gidanmu. Duk wadda na gani da fuska, wani za ta ɗauka. Wata biyar ina jin ka ta bango kana ta juya takardu. Kana tsammani kai kaɗai kake ƙirga kwanakin?"

Zaidu ya sunkuyar da kai.

"Na ce bari in yi shiru, motar gobe ta tashi ta bar ka, shi ke nan, ba mai laifi. Sai Dije ta ce min ta hango ka bakin ruwa zaune kamar maraya. Na ce, a'a, Tamada, ba ki haife shi don wanga ba." Ta tura ƙwaryar gabansa. "Ɗauki abinka."

Bai ɗauka ba. Ya dubi ɗakin: tabarma ɗaya, fitila ɗaya, kwanon tuwonta da ba ta taɓa ba. In ya ci jarrabawar, shekara biyu ce aƙalla. Duk lissafin da ya yi a wata biyar, wannan bai taɓa zama ya yi shi ba.

"Inna," in ji shi, "ki ce in zauna, in zauna."

Ta dube shi, karo na farko a ranar, ta daɗe tana dubansa.

"Da bakina na iya faɗin haka, Zaidu, da na ɓoye takarda?"

Ta ɗauko ta da kanta, ta goge da bakin zane ko da yake babu abin gogewa, ta sa masa a aljihun gaba, ta danna da tafin hannu.

"Ci tuwonka, ya huce."

Da sassafe ya fito da jakarsa, ya tarar da ƙunshin kifi a bakin ƙofa, da ɗumi, an naɗe da takardunsa na lissafi. Ƙofar ɗakinta a rufe. Ya yi sallama, ta amsa daga ciki, ta yi masa addu'a mai tsawo, amma ba ta fito ba.

Ya buɗe jaka, ya zaro ragowar hoto ɗaya da mai hoto ya ba shi a Yelwa, wanda ba a liƙa a kan komai ba, ya tura shi ta ƙarƙashin ƙofar.

Can tasha direba ya fara danna oda.