Jirgin Kiɗa Ya Biyo ta Fadama

Fentin da aka zana jita da shi a jikin jirgin bai gama bushewa ba. Wata mata ta jingina don a ɗauke ta hoto, ta tashi da jan layi a mayafinta ba ta sani ba. Na so in gaya mata, sai ƙawarta ta ja ta suka shige.

Jiragen kasuwa ne biyu aka haɗa gefe da gefe, aka ɗaure, aka shimfiɗa katako a tsakiya ya zama dandali. Janareta a baya, manyan lasifikoki a gaba, rumfar tamfol a sama. Atiku ne ya tsara abin, wani mai shirya bukukuwa daga Birnin Kebbi. Ya ce a wasu ƙasashe masoya kiɗan rok, wani kiɗan jita na Turawa, kan shiga jirgin ruwa su yi hutu tare da makaɗansu, to mu ma Allah bai hana mu gulbi ba. Za a taso daga bakin ruwa kusa da Bagudo a haura Lolo, a ci abinci a tsallaken Benin, a dawo kafin magariba. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, wasu daga Birnin Kebbi da Sakkwato, wasu daga Gaya da Malanbil a tsallaken iyaka, yawancinsu cikin baƙaƙen riguna.

Yayana Bunyaminu shi ne babban mai jita a ƙungiyar da za ta yi wasan. Shi ya ɗauko ni in riƙa ɗaukar bidiyo da wayarsa. Mu mutanen Tungar Ɗanmusa ne, a ƙasar Kaoje, kuma Babanmu manomin shinkafa ne da kan ja salla idan liman ba ya nan. Shekarun baya, da ya ji abin da Bunyaminu ke yi a birni, bai yi faɗa ba. Ya kira shi zaure, ina bakin ƙofa ina ji.

"Ban hana ka ba," ya ce. "Amma ka kai shi inda ba a san ni ba. Ranar da kiɗan ga ya shigo Tunga, ni da kai mun gama magana."

Bunyaminu ya riƙe wannan maganar. Idan zai zo gida yakan bar jitar a Bagudo wajen abokinsa, ya aske kai, ya sa hula. Kafin ya yarda da tafiyar jirgin ma sai da ya sa Atiku ya nuna masa hanya, ya tabbatar ta uwar gulbi za a bi, nesa da ƙauyenmu. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, shi ne a makon nan ruwa ya ci gonakin Tunga. Inna ta gaya mana a waya cewa kowa ya koma tudun firamare. Bunyaminu ya ce mata gobe yana nan tafe. Yau ɗin ba zai iya bari ba, domin a cikin jirgin akwai wani mutumin Benin, Mushe Abbas kamar yadda masu Faransanci ke kiransa, da ke ɗaukar makaɗa zuwa Kwatano, kuma don ya ji jitar Bunyaminu ya zo.

Da aka taso, abin ya yi kyau. Ban taɓa ganin yayana yana wasa a gaban mutane ba. Yana rufe ido, ya sunkuyar da kai, jitar ta yi ta kuka kamar za ta tsage. Hamma, mai ganguna, ya cire riga tun waƙa ta biyu. Wata Bakatsiniya mai suna Mansura ta zauna kusa da ni, ta ƙanƙame rigarta ta hana nutsewa, tana ce mini ba ta damu ba ko jirgin ya kife, tunda cike yake da Kabawa, ko ba komai kifi ya san danginsa. Na yi dariya. Ta ce to ashe ina magana.

Bayan hantsi ya ɗaga sai na lura ba ma gaba sosai. Bishiyar da ke gefenmu ta daɗe tana gefenmu. Muktar, matuƙin jirgin, ya yafito Atiku ya yi masa magana a kunne. Na ji kaɗan daga ciki. Ruwa ya yi ƙarfi, jirage biyu a ɗaure ba za su haura ba, mai kawai ake ƙonawa. Amma ambaliya ta buɗe hanya ta cikin fadama, can ruwan kwance yake. Atiku ya duba agogo ya ɗaga masa hannu alamar ya bi ta can.

Muka karkata hagu. Ruwan ya koma ja, ya yi lamo. Ciyawa ta fara bin jikin jirgin, sai da na duba da kyau na ga ba ciyawa ba ce, kan shinkafa ne da ya kusa nuna. Can gaba na hango giginyoyin da ke iyakar gonar Baba, ruwa har wuyansu, da kan wata bukka.

Ya kamata in tashi nan take. Tsakanina da dandalin akwai mutane a tsaye suna tsalle, na yi ta cewa gafara babu mai ji. Sai da waƙar ta ƙare na isa, na ja hannun rigarsa.

"Yaya, dubi inda muke."

Ya duba. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ya sauka da jitar a wuya ya sami Atiku, ya roƙe shi a juya, ko a kashe kiɗan har a wuce. Atiku ya ce babu wurin juyawa, kuma mutane ba shiru suka zo saurare ba. Ya ce ɗan lokaci ne, kafin wani ya gane an wuce. Ya nuna Mushe Abbas da haɓa, ya ce waƙar da ke tafe ita ce wadda mutumin ke jira.

"In ka aje ta yanzu, ka aje ta ke nan. Ga Sufyan mai jita ta biyu nan, shi ma yana da yatsu."

Hamma ya riga ya fara bugu. Bunyaminu ya koma ya juya wa gaɓa baya, ya ja tamfol ya ɗan kare kansa, ya fara kaɗawa a hankali. Mutane suka ga kamar salo ne. Suka fara kiran sunansa, mawaƙin kuma ya ɗauki makirfo ya taya su. Bunyaminu Ɗanmusa, ɗan Kaoje, a tafa masa. Lasifikokin suka kwashi sunan suka watsa a kan ruwa.

Muna zagaye giginyoyin sai ga tudun firamare. Abin da ban yi tsammani ba, mutanen ba a sama suke ba. Duk sun gangaro bakin ruwa. Mata da ƙullin kaya a ka, maza da buhunan da suka iya tsamowa, awaki a ɗaure, wani ya goyo tsohuwa Sabuwa a baya. Suna kaɗa zannuwa. Daga baya Inna ta gaya mini tun daga nesa suka ji lasifika, kuma a Tunga babu jirgin da ke zuwa da lasifika sai na agaji ko na siyasa, ba kuma lokacin siyasa ba ne.

Na cikin jirgi suka ɗauka gaisuwa ce. Suka ɗaga hannu, suka ɗaga wayoyi, wani ya jefa gwangwanin lemo ya faɗa ruwa. Zannuwan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Bunyaminu ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin. Jitar ta yi wani irin ƙara ta mutu. Hamma ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan shi ma ya bari. Aka bar janareta yana ta kukansa.

Muktar bai tambayi kowa ba, ya rage wuta ya nufi tudun. Atiku ya yi masa tsawa, ya amsa cewa shi tun da ya fara tuƙi bai taɓa wuce wanda ya kaɗa masa zane ba, ba kuma yau zai fara ba. Gaban jirgin ya caki laka.

Mansura ta sauke wayarta ta tura cikin jaka. Mutanen Tunga suna kallon baƙaƙen riguna da ganguna da Hamma da ke laluben rigarsa. Wasu kuma yayana kawai suke kallo. Na ji muryar wata daga cikin mata tana cewa, "Wanga ba ɗan Malam ba ne?" Wata ta ce mata ta yi shiru.

Baba ya fito daga cikinsu. Ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, akwai buhu a kafaɗarsa. Ya ajiye shi a wuri busasshe, ya yi sallama, ya gai da Muktar, ya tambayi wane ne mai jirgin. Atiku ya matso yana murza hannu, ya fara bayanin cewa kuskure aka yi, ba su san halin da ake ciki ba. Baba ya ce ba komai, hanya ta Allah ce. Ya ce abu ɗaya yake roƙo. Sabuwa ba ta cin abinci, ga kuma Mariya da ta haihu a cikin aji, jikinta bai yi daɗi ba. In da wuri, a sauke su asibitin Lolo.

Atiku ya waiwaya ya dubi jirgin da ke cike. Mansura ce ta fara tashi, ta ce ita da ma ta gaji da zama, a ba tsohuwa wurinta. Wasu suka matsa. Wasu ba su matsa ba, na ji wani yana cewa shi ba motar asibiti ya biya ba. Aka shigar da Sabuwa da Mariya da jaririnta, aka kwantar da su a kan dandali tsakanin wayoyin lantarki. Sauran suka fara ɗaukar kayansu suna komawa sama, ba wanda ya yi ƙorafi.

Duk wannan lokacin Baba bai dubi inda Bunyaminu yake ba. Ni ya gani. Ya ce, "Rahma, ke ma kina ciki." Na sauka na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya ce Innata na sama.

Bunyaminu ya zare jitar daga wuyansa. Sufyan ya miƙo hannu ya karɓa, bai ko jira a ba shi ba. Mushe Abbas yana zaune da tabarau, yana danna waya. Yayana ya diro cikin ruwa da takalmansa, ya taka zuwa gaban Baba ya tsuguna a cikin laka.

"Baba, wallahi ban san ta nan za a biyo ba. Na tambaya. Rahma na nan, ta sani."

Na ce gaskiya ne. Na sake faɗa da ƙarfi.

Baba ya dube shi a karon farko. Ya daɗe yana dubansa, tun daga gashin da bai samu askewa ba har zuwa takalman. Daga cikin jirgi Atiku yana kira, yana cewa lokaci na tafiya, mai shiga ya shiga. Muktar ya tokare gaɓa da gora. Bunyaminu bai waiwaya ba.

"Na aje ta, Baba. Ka gani. Na zo ke nan, ko mi za a ɗauka in ɗauka."

Ya miƙa hannu zai kama buhun. Baba ya riga shi. Ya sunkuya ya cicciɓi buhun da kansa, ya gyara shi a kafaɗa, ya juya. A bayanmu injin ya tashi, jirgin ya ja da baya, kafin su kai giginyoyin na ji Hamma ya fara taɓa ganga a hankali. Bunyaminu yana nan tsugune. Baba ya bi bayan mutane zuwa sama, yana neman wurin taka ƙafa saboda santsi, har ya shige bayan ajujuwan.